Faifan Borat na fam ɗaya da na biyunsa a Prime Video: dariya akwai, amma mudun awon biyu ne

Jama'a sallama. Na daɗe ina son rubuta wannan sharhin, tun watan jiya da na tsinci faifan DVD na fim ɗin Borat a wani shagon gwanjo nan Leeds, irin shagunan nan da Turawa ke kai tsofaffin kayansu a sayar kuɗin ya tafi sadaka. Fam ɗaya kacal na biya. Na taɓa ganin gutsure gutsuren fim ɗin a waya shekarun baya amma ban taɓa zama na kalle shi tun daga farko har ƙarshe ba, toh da na gama shi sai nace bari in haɗa da na biyun da ke Prime Video tunda dama ina da rajista, in kalle su a jere, in faɗi abin da na gani tsakanina da Allah.

Bari in fara da kayan kansa. Faifan nan in ka buɗe kwalin zaka rantse na bogi aka sayar maka, don sak irin wanda ake kwafa a kasuwa ne, an rubuta sunan fim ɗin kamar da maka, harafin R ɗin ma a juye, takardar ciki kuma kamar an yi mata hoto a injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa, rubutun duk da haruffan Rasha. Har na koma na tambayi matar da ke shagon, tace a'a haka kamfanin ya fito da shi da gangan a 2007. Wannan dabarar ta burge ni gaskiya, wasan ya fara tun kafin ka saka faifan. Hoto da sauti lafiya lau, minti 84 ne, akwai ƙarin wasu wuraren da aka yanke daga fim ɗin, wasu suna da ban dariya wasu kuma ka gane dalilin yanke su. Na biyun minti 96 ne, ya fi tsaftar hoto nesa ba kusa ba. Dukansu sai kana jin Turanci sosai, don rabin abin yana cikin yadda yake karya Turancin ne.

Ga wanda bai san irin wannan fim ɗin ba, shi dokumentari ne na bogi. Ɗan wasan, Sacha Baron Cohen, Bayahude ne haifaffen Landan wanda ya karanta tarihi a Cambridge, sai ya saka gashin baki da wata kwat mai ruwan toka ya ce shi ɗan jarida ne mai suna Borat daga Kazakistan, gwamnatinsu ta turo shi Amurka ya koyo wayewa. Shi da 'yan tsirarun abokan aikinsa ne kawai suka san wasa ake, mafi yawan mutanen da yake haɗuwa da su mutanen gaske ne, an basu takarda sun sa hannu suna zaton shirin wata ƙasa ce can mai nisa da ba wanda zai gani. Shi kuma sai ya riƙa sakin maganganun jahilci da ƙiyayya da fuskar mutum mai kirki wanda bai san komai ba, ya zuba ido ya ga wa zai tsawatar masa wa kuma zai biye masa. Tarko ne, kuma tarkon yana kamu. Fim ɗin farko ya fito a 2006, Larry Charles ya bada umarni, an kashe masa wajen dala miliyan 18 ya dawo da sama da miliyan 260.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi, kuma wurin da ni saboda shi kaɗai ban yi asarar fam ɗina ba, shi ne filin wasan kaboyi a garin Salem na jihar Virginia. Kafin ya shiga fili wani dattijo cikin masu shirya wasan ya ja shi gefe yana bashi shawara, wai ya aske gashin bakin nan don kar a ɗauke shi Musulmi, tunda duk hotunan 'yan ta'adda da suke gani kama suke da shi. Ba wanda ya rubuta wa dattijon nan wannan maganar, daga cikinsa ta fito yana murmushi. Sannan Borat ya karɓi makirfo ya ce ƙasarsu tana goyon bayan yaƙin da Amurka take yi, aka tafa, ya ƙara gaba aka ƙara tafi, har ya kai ga yi wa Bush, shugaban Amurka na lokacin, fatan ya sha jinin kowane namiji da mace da yaro a Iraƙi, wallahi akwai masu ihu suna tafi a wurin. Amma da ya fara rera taken Amurka ya canza kalmomin yana yabon Kazakistan, nan take fili ya ɗau ihun rashin yarda, fuskoki suka canza, har dokin da ke ɗauke da tuta ya zame ya faɗi. Na maida wurin nan baya sau uku. Jinin yaran Iraƙi bai ɓata musu rai ba, waƙa ce ta ɓata musu rai. Duk wanda ya iya fito da wannan a minti biyar ba tare da ya yi wa kowa wa'azi ba, dole ka sara masa, ya san aikinsa.

Akwai irinsu da yawa. Ya shiga shagon bindiga ya tambayi wacce ta fi dacewa mutum ya kare kansa daga Bayahude, mai shagon ko gezau, ya fara lissafa masa iri. Ya shiga mota da wasu ɗaliban jami'a da suka sha suka bugu, suka riƙa zagin mata suna kukan an daina bauta, daga baya suka kai ƙara kotu wai an yaudare su, kotu ta kori ƙarar. Waɗannan ban tausaya musu ba ko kaɗan, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Sai dai kuma in gaya muku gaskiya kusan rabin fim ɗin ƙazanta ce zalla, batsa da tsiraici da maganar bayan gida, akwai wata kokawa da suka yi shi da abokin tafiyarsa a otal tsirara haihuwar uwarsu wadda ni dai wucewa na yi. Kar wanda ya kuskura ya kunna wannan a falo ko gaban yara ko iyali, ban yafe ba in kace ni na saka ka.

Da a nan abin ya tsaya da na bashi maki mai kyau na wuce. Abin da ya hana ni shi ne wani abokin karatuna. Ɗan birnin Almaty ne a Kazakistan, gwamnatinsu ce ta turo shi da tallafin karatun nan nasu da ake kira Bolashak, tare muke zuwa Juma'a, mutum ne mai sanyin hali wanda in yana magana sai ka matso. Wata Asabar mun je buga ƙwallo, ana gaisawa da sababbin yara, wani Bature ya tambaye shi daga ina, yace Kazakistan. Kafin ya rufe baki yaron nan ya ɗaga manyan yatsu biyu ya maƙale murya irin ta Borat ya faɗi kalmar nan tasa da kowa ya sani, very nice, sauran suka fashe da dariya, wani ya ƙara da tambayarsa wai ina 'yar uwarsa, don a fim ɗin Borat yana alfahari ne cewa 'yar uwarsa karuwa ce. Abokina bai ce komai ba, ya yi ɗan murmushi ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalminsa, ya kwance ya sake ɗaurewa, na lura hannunsa ya daɗe a wurin fiye da yadda ɗaurin takalmi yake buƙata. A hanyar komawa cikin bas yace min tun da ya zo ƙasar nan da wuya sati ya wuce ba a yi masa haka ba, kuma yana ɗan firamare lokacin da fim ɗin ya fito. Ni kuma abin da ya faɗo min a rai shi ne shekarar da na yi bautar ƙasa a kudu, yadda kwandasta zai kalle ka da hularka ya ce aboki cikin wata irin murya, kalmarmu ce mai kyau amma an juya ta ta zama wani abu daban, kuma in ka nuna ɓacin rai a ce baka san wasa ba.

Toh wai me ke cikin fim ɗin na Kazakistan? Babu. Yaren da Borat yake yi yawanci Ibrananci ne da ɗan gaisuwar Polanci, abokin tafiyarsa Armeniyanci yake yi, mutanen da aka nuna basu yi kama da Kazakawa ba ko ta ina. Sunan ƙasar kawai aka ara, aka ɗora masa fyaɗe da auren 'yan uwa na jini da shan fitsarin doki da bikin korar Bayahude. Ƙasar gaske kuwa ita ce ta tara a girma a duniya, ta samu 'yanci a 1991, kusan kashi 70 na mutanenta Musulmi ne, daga tashar Baikonur da ke cikinta Yuri Gagarin ya tashi zuwa sararin samaniya a 1961, ita ce kan gaba a haƙar yuraniyom. Mutane ne da suka sha wuya, yunwar shekarun 1930 ta kashe musu sama da mutum miliyan, kuma Tarayyar Sobiyet ta yi gwajin nukiliya sama da 450 a Semipalatinsk tsakanin 1949 da 1989, har yau akwai masu ɗauke da cutar. Baron Cohen ya sha faɗa cewa ya zaɓi ƙasar ne don kusan ba wanda ya santa a Amurka, kuma wai dariyar akan masu yarda cewa akwai ƙasa irin wannan ce. Na fahimci hujjar, kuma na yarda ba ƙiyayya ce ta sa shi ba. Amma ai hujjar ita ce matsalar, in mutane basu san komai akanka ba, abin da aka fara gaya musu shi zai zauna. Da Faransa ya ara ko Jamus kowa yana da wani hoton a kansa da zai goge ƙaryar. Kuma ba wai babu wata hanya ba, a 2012 da ya tashi yin fim akan mai mulkin kama karya ai ƙirƙirar ƙasa ya yi ya sa mata suna Wadiya.

Wanda ya fi ci min rai shi ne ƙauyen da aka nuna a farkon fim a matsayin garin su Borat. Ƙauyen Glod ne a Romaniya, sunan ma laka yake nufi da yarensu, mutanen wurin yawanci 'yan ƙabilar Roma ne, waɗanda a Turai kaf ba a raina kowa kamar su. Talauci ne na gaske kake gani a kyamara, ba shiri aka yi ba, gidajen nasu ne, tsummokaran nasu ne. Borat yana zagayawa yana nuna mutum ya ce wannan shi ne mai fyaɗen garin, ya nuna wani tsoho ya ce makaniki ne kuma mai zubar da ciki, su kuma suna ta washe baki suna ɗaga hannu don basa jin Turanci. Akwai wani mai dungulmin hannu da aka ɗaura masa abin batsa na roba a wurin hannun, shi bai san mene ne ba. Daga baya mutanen suka ce an gaya musu shiri ne akan wahalar rayuwarsu kuma 'yan daloli aka biya su, kamfanin fim ɗin ya musanta yace ya biya yadda ya kamata har ya bada gudummawar kuɗi da kwamfutoci da kayan makaranta. Biyu daga cikinsu suka kai ƙara New York suna neman dala miliyan 30, ƙarar bata je ko'ina ba. Ni tambayata ɗaya ce, dattijon filin kaboyi an tona abin da ke cikinsa, mun gani mun ƙaru, toh shi tsohon Glod me aka tona? Wace ƙiyayya ya ɓoye da aka fallasa? Shi ba a kama shi da komai ba, an dai same shi talaka ne wanda baya jin yaren.

Don adalci, su kansu hukumomin Kazakistan sun sauya baki. Da farko sun rufe shafin intanet ɗin Borat mai adireshin ƙasarsu a 2005, suka sayi shafuka huɗu a jaridar New York Times suna tallar ƙasar, amma a 2012 ministan harkokin wajensu Yerzhan Kazykhanov ya fito ya gode wa fim ɗin yace masu neman biza sun ninka sau goma, a 2020 kuma hukumar yawon buɗe idonsu ta ɗauki kalmar nan ta Borat ta yi talla da ita. Masu kare fim ɗin kullum wannan suke kawowa. Amma a wannan shekarar ta 2012 ɗin dai, a wata gasar harbi a Kuwait, 'yar wasansu Maria Dmitrienko ta ci zinare ta hau dandamali ta ɗora hannu a ƙirji, sai masu shiri suka saka taken bogi na fim ɗin da suka sauko da shi daga intanet a matsayin taken ƙasarta, mai yabon karuwan ƙasar, tana tsaye har aka gama. Sai da aka sake bikin. Minista yana lissafin biza, ita kuma da abokina su suke tsayuwa a gaban mutane.

Yanzu ga inda mudu biyun ya fito fili. A watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar nan da ɗan sanda ya kashe a Amurka, kamfanonin nuna finafinai suka shiga share share. BBC da Netflix da BritBox suka cire shirin barkwancin Little Britain, Netflix ta cire Come Fly With Me wanda shi ma dokumentarin bogi ne, ta cire shirye shirye huɗu na ɗan Ostireliya Chris Lilley, duk saboda Turawa sun shafa baƙi ko sun kwaikwayi wasu jinsin. Ni baƙar fata ne, ban yi kukan cire su ba, na san tarihin da ke bayan shafa baƙin nan. Amma wata huɗu kacal bayan haka, ranar 23 ga Oktoba, Amazon ta saki Borat na biyu, rahotanni suka ce wajen dala miliyan 80 ta saye shi, kuma a ciki an nuna 'yan Kazakistan suna saka 'ya'yansu mata a keji kamar kaji. Ƙungiyar Kazakawan da ke Amurka ta rubuta takardar koke, ta nemi kar a bashi lambar yabo, ba wanda ya saurare su, fim ɗin ya ci Golden Globe biyu ya shiga takarar Oscar biyu. Mutanen da suka ce kwaikwayon wani jinsi laifi ne a watan Yuni su ne suka tafa a watan Oktoba. Abin da na fahimta shi ne ba zafin ciwon ake aunawa ba, ana duba wa ke da bakin da zai iya jawo wa kamfani asara. Sannan fim ɗin ya fito ana saura kwana goma sha ɗaya zaɓen Amurka kuma Trump da mutanensa yake duka, don haka masu sharhin da suka saba ɗaga jan kati suka kau da kai.

Shi na biyun a matsayinsa na fim bai kai na farko kaifi ba, don kowa ya riga ya san fuskar, dole ya riƙa ɓadda kama, kuma wurare da yawa kana jin ƙamshin shiri. Wadda ta ɗauki fim ɗin a kai ita ce Maria Bakalova 'yar Bulgeriya da ta fito a 'yarsa Tutar, yarinyar nan bata tsoro, kuma ita ce ta shiga ɗakin otal da Rudy Giuliani, lauyan Trump a lokacin, inda kyamara ta ɗauke shi kwance a gado da hannu cikin wando, duniya ta yi ta magana akai, shi dai yace rigarsa yake gyarawa. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne wata baƙar mata da aka kai mata Tutar raino, bata san wasa ba ne, ta zaunar da yarinyar a mota tana gaya mata cewa ita mutum ce mai hankali, kar ta yarda a yanka jikinta don a bada ita kyauta ga wani tsoho. Tarkon da aka ɗana don kama mugunta sai ya kamo alheri. Haka ma wata tsohuwa Bayahudiya da ta tsira daga kisan kiyashin Hitler, ya shiga wurin ibadarsu da shigar cin mutunci, ita kuma ta rungume shi ta bashi abinci. An ruwaito cewa ita kam an sa an yi mata bayanin cewa wasa ne bayan ɗauka, kuma da ta rasu kafin fim ɗin ya fito aka sadaukar mata da shi, duk da dai magadanta sun kai ƙara. Ya kyauta da ya girmama ta, ta cancanci haka. Amma wannan ya nuna min ya san inda ciwo yake, ya san akwai mutumin da bai kamata a bar shi cikin duhu ba. Tsohon Glod bai samu wannan ba.

Kuma ba shi kaɗai ba. A fim ɗinsa na 2009, Brüno, ya zauna da wani Bafalasɗine Kirista mai shago a yankin Baitalami, aka rubuta a ƙasan hotonsa cewa shugaba ne a ƙungiyar 'yan ta'adda, Baron Cohen ya je shirin talabijin na David Letterman yana bada labarin yadda ya gana da ɗan ta'adda na gaske. Mutumin ya kai ƙara yana neman dala miliyan 110, aka sasanta a 2012. Ku yi tunanin me wannan tambarin yake nufi ga mutumin da ke zaune a Yammacin Kogin Jodan, wanda kullum sai ya bi ta shingen sojoji. Shekara goma bayan fitowar fim ɗin, a Nuwamban 2019, Baron Cohen ya tsaya a taron ƙungiyar ADL mai yaƙi da ƙin jinin Yahudawa ya yi jawabi mai zafi akan yadda Facebook ke barin ƙarya da ƙiyayya suna yawo. Na saurari jawabin, mafi yawan abin da ya faɗa gaskiya ne kuma na goyi bayansa, sai dai duk tsawonsa Glod da mai shagon nan suna raina. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Ba zan tsaya a kansu ba don mu ma muna ciki. Na kalli Borat na farkon karo na biyu da wasu 'yan uwa uku 'yan arewa a ɗakina, kuma na lura da inda dariyar kowa take tashi. Wurin kaboyi duk mun yi tsaki tare, ana cewa ka gani ko, haka suke. Amma da aka zo inda Borat ya sauka gidan wasu tsofaffin Yahudawa mata da miji, mutanen kirki da suka kawo masa abinci har ɗaki, shi kuma ya ga ƙwari a ƙasa ya ce su ne suka rikiɗe yana watsa musu kuɗi, dariyar da ɗaya daga cikinmu ya yi ba ta jahilcin Borat ba ce, har cewa ya yi ai gaskiya ya faɗa. Na tsayar da faifan muka yi gardama kusan rabin awa. Mutumin nan shi ne wanda in ya ga an fito da Bahaushe maigadi a finafinan kudu, da carbi da rediyo da karyayyen Turanci, zai rubuta shafi guda a Facebook akan raini. Kuma mu ɗin nan a namu finafinan sau nawa muka fito da Bafulatani da sandarsa ya shigo birni yana tsoron mota, ko Ibo ko Bayarabe yana kwaɓa Hausa muna ta ƙyaƙyata? Gwano baya jin warin jikinsa. Ƙasashen Larabawa kusan duka sun hana nuna fim ɗin ban da Labanon, Rasha ma ta ƙi bashi izini, kowa da abin da ya ɓata masa rai a ciki, amma ban ji wanda ya yi fushi saboda 'yan Roma ba sai su kansu da 'yan ƙungiyoyinsu.

Wani zai ce toh kenan a daina wasa. A'a. Mu da muka tashi cikin wasan Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa, ba wanda zai koya mana tsokana, wani zagin da ake yi a wasan nan in baƙo ya ji sai ya zata za a zare wuƙa. Amma a can kowa ya san wasa ake, kowa yana da bakin ramawa, in ka faɗa min yau gobe a kasuwa zan rama a gaban jama'a, kuma in rasuwa ta same ni kai ne a gaba wajen ɗaukar makara. Giuliani yana da bakin ramawa, ya fito kafafen yaɗa labarai ya rama. Ɗaliban nan suna da lauyoyi. Amurka gaba ɗayanta tana da Hollywood da zata bada labarinta sau dubu. Abokina yana da igiyar takalminsa.

Maki: na farkon 6 cikin 10, kuma huɗu daga ciki na filin kaboyi da shagon bindiga ne. Na biyun 5, saboda Bakalova da matar nan mai raino. In kana karatun fim ko aikin jarida ko kana son ganin yadda ake tatsar gaskiya daga bakin mutum ba tare da ya ankara ba, ka nema ka kalla kai kaɗai da rimot a hannu. In dariya kawai kake nema ka huta da iyali, wannan ba naka ba ne. Kar ka biya rajistar wata guda don na biyun kaɗai, in kana da ita dama toh.

Shekaranjiya abokin nawa ya zo ɗakina karɓar wasu takardu, ya ga kwalin akan tebur, ban samu na ɓoye ba. Ya ɗauka ya juya bayansa ya karanta rubutun a hankali, yace wannan ai Rashanci ne. Na tambaye shi ko ya taɓa kallo, yace sau ɗaya, don ya san me ake ce masa. Ya ajiye shi inda ya ɗauka ya tambaye ni ko na gama babi na uku.